Neman abinci marar gulutin a karkarar Kano da Jigawa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin waɗanda likita ya hana cin alkama, da iyayen yaran da aka hana. Mafi yawan abincinmu na gargajiya ba shi da gulutin tun asali. Inda matsala take shi ne wurin niƙa, da kaskon suya, da fulawar da ake ɗan barbaɗawa a abinci ba a faɗa ba.

Mene ne gulutin, kuma wa ya kamata ya guje shi?

Sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya riƙe iska, har burodi da gurasa su tashi. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Amma mai cutar siliyak, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanjinsa, sai garkuwar jikinsa ta far wa bangon hanjin, ta share ƙananan tsiron da ke tsotse amfanin abinci. Daga nan sai gudawa mai daɗewa ko kumburin ciki, rama, kasala, ƙarancin jinin da ba ya jin magani. Yaro kuma sai ya ƙi girma, ciki ya fito, ɗuwawu ya tsotse. Wasu ƙuraje ne masu tsananin ƙaiƙayi suke fito musu a gwiwar hannu da ta ƙafa. A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita, kuma ba cutar Turawa kaɗai ba ce, don a cikin yaran Saharawi na yammacin Sahara an samu fiye da 5 cikin 100.

Akwai kuma waɗanda alkama take tayar musu da borin jini, da waɗanda cikinsu ne kawai ba ya son ta amma hanjinsu lafiya lau. Tsananin kiyayewar da za mu yi bayani a nan na mai siliyak ne.

Ina zargin ita ce ke damuna. In daina cin alkama kawai?

A'a, a fara yin gwaji. Ana ɗibar jini a auna abin da likitoci ke kira tTG-IgA. In ya nuna alama, sai a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a tsinko ɗan naman hanji a duba. Duka biyun suna bukatar a ce mutum yana kan cin alkama. Wanda ya daina kafin gwaji, sakamakonsa na iya fitowa lafiya alhali cutar tana nan, sai a sake sa shi cin alkama kullum na kimanin mako 6 kafin a maimaita, ga wahala ga kashe kuɗi sau biyu. Asibitin ƙauye ba ya yin wannan gwaji, sai a nemi takardar tura mara lafiya zuwa babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, su za su faɗi inda za a kai jinin. Tsutsar ciki, amosanin ciki da gyambon ciki duk suna kama da ita a alamu, shi ya sa zato ba ya isa.

In an tabbatar, a gwada 'ya'ya da iyaye da 'yan'uwan da aka haɗa ciki, domin kusan 1 cikin 10 daga cikinsu kan kasance da ita, ko da ba su da ƙorafi.

Wane hatsi ne babu matsala?

Gero, maiwa, dawa, masara, shinkafa, acca da tamba. Haka rogo, doya, dankali, gwaza, wake, gujiya, waken suya, gyaɗa, riɗi da aya. Nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, ganyaye da 'ya'yan itatuwa duk babu. Ke nan tuwon dawa da miyar kuka, tuwon shinkafa da taushe, fura da nono, kunun tsamiya, koko, faten tsaki, dambun masara, garau-garau, alale, kwaɗon zogale da sinasir, dukkansu halas ne ga mai wannan lalura in an yi su yadda iyaye suka saba yi.

Waɗanne ne na alkama, har da waɗanda ba a lura da su?

Na fili kowa ya sani: burodi, gurasa, alkaki, alkubus, funkaso, fanke, cincin, dubulan, gireba, wainar fulawa, biskit, kek, taliyar leda da taliyar murji, Indomie da ire-irenta. Waɗanda ke yaudarar mutane su ne tuwon semo, dashishi da kuskus na kwali. Semovita da duk wani semolina tsakin alkama ne, ko da fari ne tas kamar tuwon shinkafa. Dambun kuskus ma haka. Sai kunun alkama, da kunun gyaɗar da wasu ke zuba wa alkama maimakon shinkafa. Kifi da kaza da awara da ake turmusawa a fulawa kafin suya su ma sun shiga.

Lemon malt na kwalba da na gwangwani, da garin shayi mai malt, a ɗauke su a matsayin masu sha'ir sai in takardar jikinsu ta faɗi ƙarara cewa babu. Oats da ake dama wa yara da tsofaffi ana noma shi ana sarrafa shi tare da alkama, don haka a bar shi sai wanda aka rubuta wa shaidar ba shi da gulutin.

Ɗan wake da waina fa? Ai wake ne da shinkafa.

Da can haka ne. Yanzu yawancin ɗan waken sayarwa da fulawa ake yin sa, wani ma fulawar zalla ce da kuka da kanwa, babu ko ƙwayar wake. Garin ɗan wake da ake ƙullawa a leda shi ma sau da yawa akwai alkama a haɗinsa. Waina kuma wasu masu sana'a suna ƙara mata fulawa ko semo don ta yi auki ta riƙe jikinta a tanda. Ba za a gane da ido ba.

Yin su a gida ba wuya. Ɗan wake: garin wake kofi 2, garin alabo kofi 2, kuka cokali 2 zuwa 3 na cin abinci, a kwaɓa da ruwan kanwa da aka tace har ya yi danƙo yana bin hannu. A bar shi minti 10, a jefa a ruwan da yake tafasa sosai, in ya taso a ƙara masa kamar minti 10. Idan ya watse a tukunya, ko kuka ta yi kaɗan, ko kwaɓin ya yi ruwa, ko an jefa tun ruwa bai tafasa ba. Idan ya yi ɗaci ko ya yi duhu da yawa, kanwa ce ta zarce.

Waina: shinkafar tuwo kofi 4 a jiƙa ta kwana, a haɗa da dafaffiyar shinkafa kofi 1 a markaɗa, a sa yis ƙaramin cokali 2 da ɗan sukari, a rufe a wuri mai ɗumi awa 4 zuwa 6, a lokacin sanyi ya fi haka. Dafaffiyar shinkafar ce ke ba ta laushi da riƙo, aikin da ake sa fulawa ta yi. In ƙullun ya yi tsami sai a gyara da ɗan ruwan kanwa.

Na kai gero niƙa, na yi tuwo, cikina ya tashi. Me ya faru?

Sau da yawa injin ne. Injin niƙa ɗaya ne a ƙauye, shi ke niƙa dawar kowa da masarar kowa da alkamar kowa. Gari yana maƙalewa a tsakanin faifan ƙarfe, da cikin mazurari, da bakin da gari ke fitowa, kuma kwanon farko na mai zuwa a baya shi ke kwashe ragowar na gabansa. A garuruwan da ake noman alkama, irin su Kura, Kadawa, Bunkure da Garun Malam a ƙarƙashin ruwan Tiga, ko Auyo da sauran kwarin Haɗeja, abin ya fi yawa daga girbin alkama a watan Maris da Afrilu zuwa 'yan watannin da ke biye, sai kuma gab da azumi da Sallah lokacin da mata ke niƙan alkaki da funkaso.

Abin da ya fi tabbas shi ne turmi da taɓarya da aka keɓe, ko ƙaramin injin hannu na gida. In ba hali, a yi magana da mai inji a fahimci juna, ko da za a ƙara masa wani abu. A je da sassafe kafin layi. A sa ya kwance faifan ya kakkaɓe ya goge. A fara zuba kamar rabin mudu na hatsinku, a tare wannan garin daban a ba sauran mutanen gida, sannan a niƙa na mara lafiya a tare a kwanon da kuka zo da shi, mai murfi. A niƙa na wata guda a tashi ɗaya don kada a riƙa maimaita kasadar. Injin markaɗe ya fi sauƙi, don ana iya wanke shi da ruwa a ga ya fita. Wannan dabara tana rage haɗari sosai amma ba ta kawar da shi duka, saboda haka in akwai injin da aka san ba a kai masa alkama sam, ko a gari na gaba yake, shi ya fi.

Tankaɗe ba ya raba garin alkama da na gero. In sun haɗu sun haɗu.

A kasuwa, gari zan saya ko tsaba?

Tsaba. Ƙwayar alkama ana ganinta, ana tsince ta. Doguwa ce 'yar ja-ja, da tsaga a cikinta daga sama har ƙasa, ba ta kama da gero ko dawa. A baza hatsi a faifai ko tire, mudu-mudu, a tsince, a wanke sau 2 ko 3, a shanya a tabarma mai tsabta, sannan a surfa.

Ko a Dawanau za a saya, ko a Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Gujungu da Dambatta ranar Lahadi, a duba abu biyu. Na farko buhu: tsohon buhun fulawa da na semo ana sake zuba musu garin masara da alabo da shinkafa. Na biyu mudu: mai awo da kwano ɗaya yake aunar alkama ya juya ya auni gero. A yankunan noman rani gona ɗaya ce ake shuka wa alkama da sanyi, shinkafa da damina, tamfal ɗaya, injin casa ɗaya, don haka shinkafar gida ma a tsince ta. Garin da aka tara a daro a buɗe kusa da mai fulawa, a wuce shi.

Kayan kanti fa, me zan duba a jikin kwali?

Wurin da aka jera abubuwan da aka haɗa. In da Turanci ne, a nemi kalmomin wheat, barley, rye, malt, semolina, durum, da flour da ba a faɗi na mene ne ba. Kayan da ke shigowa ta Nijar da Faransanci suke: blé alkama ce, orge sha'ir, seigle rai, sans gluten kuma babu gulutin. Na Larabci, masu karatun allo ba sa shan wahala, a nemi ƙamhu da sha'ir. Wasu kaya suna ɗauke da hoton zangarniya da aka soke da layi, alamar an auna. Ƙa'idar duniya ita ce abin da za a kira marar gulutin kada gulutin ɗin cikinsa ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya.

Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista ne, ba ta cewa komai game da gulutin. Kuma kamfani kan sauya haɗi ba sanarwa, don haka a riƙa sake dubawa lokaci zuwa lokaci. Wanda ba ya karatun boko ya ɗauki hoton kwalin da waya ya tura wa wanda zai karanta masa.

Burodi da biskit marasa gulutin da ake kawowa manyan kantunan birnin Kano, a ganinmu ba su cancanci kuɗin mota da tsadarsu ba. Yawancinsu sitaci ne da sukari da mai. Furar gero ta fi su gina jiki nesa ba kusa ba.

Dunƙulen miya da yaji?

Dunƙule iri-iri ne, wasu akwai garin alkama a ciki wasu babu, sai an karanta kwalin babba, don ƙaramar takardar da aka naɗe shi ba ta ɗauke da bayani. Farin magi ba shi da gulutin, sunan sinadarinsa ne kawai ya yi kama. Daddawar kalwa, gishiri, kanwa, citta, kanumfari, masoro da barkono duk lafiya. Garin yaji da kori da ake ƙullawa a kasuwa ne abin tsoro, domin ana iya ƙara musu gari don auki. A sayi kayan a daka a gida. Bakin-foda ma a duba, wani da sitacin alkama ake haɗa shi.

In tafiya ta kama ni, me zan ci a tasha ko a kasuwa?

A fara da abin da ke cikin ɓawonsa ko wanda ba a haɗa shi da komai ba: dafaffen ƙwai, ayaba, lemo, rake, dabino, gyaɗa mai ɓawo, gasasshiyar masara, dafaffen rogo ko dankali. Fura da nono yawanci lafiya, a dai tambayi garin da aka mulmula furar a ciki.

Wurin mai abinci, tuwon shinkafa ko na masara ya fi aminci in ba ta tuƙa semo da muciya ɗaya ba, kuma ba ta ɗaure tuwon da semo ba, don wasu na yin haka. Shinkafa da wake babu laifi, amma a kalli cokalin zubawa. In shi ne yake shiga kular taliya ya dawo ta shinkafa, an gama. Wasu kuma a kwando ɗaya suke tsane taliya da shinkafa.

Mai ƙosai: ƙosai wake ne, amma in fanke ko wainar fulawa na shiga kasko ɗaya, ɓurɓushinsu na yawo a man yana manne wa komai. A nemi wadda ƙosai da dankali da doya kaɗai take soyawa.

Mai tsire: nama da ƙuli-ƙuli ba su da matsala. Gurasa ce matsalar, don a Kano tsire da gurasa tare suke tafiya, katako ɗaya, wuƙa ɗaya, wani lokaci ma a ɗora gurasar kan naman ta sha mai. A karɓi tsiren a tsinkensa daga wuta, kada a yanka. Balangu kuma a yanka da wuƙar da aka wanke, a kan sabuwar takarda.

Teburin mai shayi shi ne mafi wuya. Hannun da ya yanka burodi shi ke fasa ƙwai, kaskon da aka juye Indomie shi ake soya ƙwan, cokalin da ya ɗebi garin malt shi ke juya kofin kowa. Ruwan bunu a kofin da aka ɗauraye a gabanka, shi ke nan abin da za mu iya cewa a sha a can.

Yaya zan yi tambaya ba tare da an ji haushi ba?

Kada a ce gulutin, ba wanda zai gane. Kuma kada a tsaya a "akwai alkama?", don da yawa ba sa lissafa fulawa da semo a matsayin alkama. Bayan gaisuwa sai a ce: "Hajiya, don Allah ina da lalura, likita ya hana ni duk abin da aka sa wa fulawa ko semo ko alkama, ko ɗan kaɗan ne kwantar da ni yake yi. Kin ɗan sa a ƙullun nan?" In dattijo ne mai nama: "Baba, a taimaka a ba ni daga wuta, kada ya taɓa gurasa, lalura ce." Mai sana'a in ta ji lalura ce takan faɗi gaskiya. In aka ji amsa irin "ai ɗan kaɗan ne" ko "ba zai yi komai ba", to akwai. A sami mutum biyu ko uku da aka yarda da su a kasuwar da ake ci kullum, a riƙe su.

Gidanmu babba ne, tukunya ɗaya ake yi. Sai kowa ya daina cin alkama?

Ba dole ba, ko da yake tuwon dare na gero ko dawa ko masara ga kowa shi ya fi sauƙi. Tukunyar ƙarfe, kwanon silba da cokali, wanki da sabulu ya wadatar. Abin da ake keɓewa shi ne wanda gari ke shiga jikinsa: muciya, ludayin duma, ƙwarya, rariya, kwandon tsane taliya da faifai. A ɗaura musu jan zare don kowa ya gane. A fara girka na mara lafiya a rufe, sannan a taɓa fulawa. Ranar cincin ɗin Sallah gari na tashi a iska ya sauka kan komai, don haka a kwashe abincinsa a kai ɗaki. Man da aka soya cincin kada ya dawo miya.

Cin abinci a tire ɗaya babu laifi muddin ba a tsoma burodi ko gurasa a miyar.

Biki, suna da shan ruwa a masallaci fa?

A ci abinci kafin a fita, a sanar da uwar biki tun da wuri ta bakin wanda take jin nauyinsa. In an miƙo alkaki ko dubulan a karɓa a yi godiya a kai wa yara, ba sai an yi dogon bayani ba. Da azumi a buɗe baki da dabino da ruwa, kunu kuma a tambayi na mene ne. Mai zuwa aikin Hajji ko Umara ya sani abincin can ya dogara da burodi sosai, kuma harisa da jarish da ake rabawa alkama ce. Ya tafi da garin kunu da ƙuli-ƙuli gwargwadon abin da dokar kaya ta yarda.

Loma ɗaya jefi-jefi ma an hana? Wuta ba ta kashe shi?

Ba ƙwayar cuta ba ne balle wuta ta kashe shi. Tafasa, suya da gashi duk ba sa taɓa shi. Bincike ya nuna miligiram 50 na gulutin a kullum, abin da ke cikin ɗan ƙaramin gutsuren burodi, ya isa ya riƙa lalata hanji. Wani zai ci bai ji komai ba, amma ɓarnar tana gudana, daga baya ta fito a ƙarancin jini, raunin ƙashi ko ɓarin ciki. Har yau babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke warkar da ita, barin alkama ne maganin, kuma na tsawon rai.

Ina da ciwon suga, an ce in koma tuwon alkama. Yanzu kuma ana cewa alkama ba kyau.

Magana biyu ce daban. Mai suga da ba shi da siliyak babu dalilin da zai sa ya bar alkama saboda gulutin, kuma rashin gulutin ba ya sa abinci ya dace da mai suga, ga tuwon shinkafa da alabo nan suna ɗaga suga da sauri. Wanda ya haɗa duka biyun, wanda an fi gani a masu nau'in suga na 1 da ke kama yara, ya koma wake, dawa, gero da acca da ganye mai yawa, likitansa ya sake daidaita masa allura, domin in hanji ya fara warkewa yana tsotsar abinci fiye da da.

Na daina wata 3 ke nan amma ban ji sauƙi sosai ba.

Yara kan farfaɗo cikin 'yan watanni, babba kuwa hanjinsa na iya ɗaukar shekara 1 zuwa 2 kafin ya koma daidai. Kafin a ce abin bai yi aiki ba, a bi sawu: injin niƙa, dunƙule, garin yaji, man suya, garin maganin gargajiya da ba a san haɗinsa ba. Hanjin da ya ji rauni kuma ba ya narkar da madara da kyau a farko, don haka a rage ɗanyar madara da ta gari na wasu watanni, kindirmo ya fi sauƙin karɓuwa. A ƙara hanta, wake, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya saboda jini da ƙashi. A koma asibiti bayan wata 6 a sake awon tTG da na yawan jini. In adadin bai sauka ba, gulutin na shiga ta wata kafa.

Yaro mai zuwa makaranta fa?

Kuɗin tara shi ne haɗari, don abin da ke bakin makaranta fanke ne da biskit da taliya. A ƙunsa masa daga gida: ƙosai, alale, dafaffen ƙwai, dakuwa, ƙuli-ƙuli, soyayyen dankali, kantun riɗi. Uba ya je da kansa ya yi wa shugaban makaranta ko malamin allo bayani, da takardar asibiti a hannu. Makarantar kwana sai an zauna da mai kula da ɗakin girki an san ranakun burodi da taliya da semo, a tanadi garin kunu, garin rogo da gyaɗa da za su maye gurbinsu a waɗannan ranaku. Tun yana ɗan shekara 5 ko 6 a koya masa ya ce "an hana ni fulawa" da bakinsa, a kuma nuna masa ƙwayar alkama a tafin hannu har ya iya tsince ta a cikin gero.